BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Yadda Ake Ajiye Talla A Waya Ta Fita A Kan Lokaci

 A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wata dabara ta wayar hannu wadda yaranmu na Kilomita Biyar da dama suka riga suka iya, watau yadda mutum zai shirya tallarsa yau, ya sa mata rana da sa'a, ta fita da kanta gobe ko jibi, ko da shi yana tsakiyar daji inda babu rezo. Dabarar tana da amfani ƙwarai, tana kuma da ramukan da in mutum bai lura ba zai faɗa ciki da dukiyarsa da mutuncinsa. Saboda haka a karanta da natsuwa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin Da Ya Kawo Maganar

Kowa ya san Kilomita Biyar ita ce cibiyar cinikin Bangui tun zamanin kakanni. To amma tun rikicin da ya ɓarke a watan Disamba na 2013, abokan hulɗarmu masu yawa suka watse. Wasu suna Garwa-Bulai, wasu Maiganga da Ngaundere, wasu Mundu da Njamena, wasu ma sun koma Kano da Maiduguri. Mutumin da a da za ka tare shi bayan la'asar a bakin Babban Masallaci ku gama magana a tsaye, yanzu sai dai a waya. Shi ya sa Facebook da WhatsApp suka zama tamkar zauren maigida, nan ake nuna kaya, nan ake jin labarin kasuwa.

Sai dai aikin falke ba na zaman ofis ba ne. Da asuba yana hanyar kasuwar shanu ta Bouboui, kilomita 45 a kan titin Boali. Wata rana yana bayan tirela tsakanin Bangui da Garwa-Bulai, tafiyar wajen kilomita 600, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. In ya dawo gida kuma ga matsalar wuta, domin ko da aka ƙara tashar hasken rana ta Danzi a 2023 a kan wutar da ke zuwa daga Boali, har yanzu rabonta ake yi unguwa-unguwa. Sau da yawa lokacin da mai saye ke riƙe da wayarsa, lokacin ne mai kaya ba shi da caji ko ba shi da rezo. Wannan gibi shi ne ajiye saƙo da lokaci yake cikewa.

Misalinsa kamar mai kai sanarwa gidan rediyo ne. Ka kai takarda ranar Litinin, ka ce a karanta ta ranar Alhamis da yamma, ka kama gabanka. Ranar Alhamis ko kana Buwar ko kana barci, za a karanta. Amma a lura, mai karantawa bai san abin da ya faru tsakanin Litinin da Alhamis ba. Abin da ka rubuta shi zai faɗa.

Ina Saƙon Yake Kwana?

Wannan ita ce tambayar farko da ya kamata kowa ya yi kafin ya dogara da kowace manhaja. Hanyoyin iri biyu ne.

Iri na farko, saƙon yana barin wayarka tun sa'ad da ka ajiye shi, ya tafi ya kwana a manyan na'urorin kamfanin. Ana bukatar rezo a lokacin ajiyewa kawai. Da zarar ya hau, ko wayarka ta mutu, ko ta faɗa kogi, saƙon zai fita a kan lokacinsa. Facebook, Instagram, Telegram da YouTube duk haka suke aiki.

Iri na biyu, saƙon yana kwana a cikin wayarka, ita ce za ta tura shi in lokaci ya yi. In lokacin ya zo ta mutu, ko ba rezo, ko kuɗin intanet ya ƙare, to saƙo yana nan a aljihunka. Gajeren saƙo na SMS da ake sa wa lokaci, da ƙananan manhajojin da ake ɗora wa WhatsApp, duk a wannan layi suke. Ga mai shago da ke zaune wuri ɗaya ba laifi. Ga mai shiga daji kuwa, iri na farko shi ne abin dogaro.

Facebook Da Instagram

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya buɗe shafi na kasuwanci daban da shafinsa na kansa, da sunan gidansa ko na kamfaninsa. Sa'an nan ya sauke manhajar Meta Business Suite, wadda kamfanin ya fito da ita a 2020, kuma kyauta ce. A ciki za ka rubuta bayaninka, ka ɗora hoto ko bidiyo, maimakon ka danna wurin bugawa nan take sai ka zaɓi wurin sa lokaci. In wayarka da Faransanci take, kalmar da za ka nema ita ce Programmer ko Planifier, in da Turanci take kuma Schedule. Ka zaɓi rana, ka zaɓi sa'a, ka tabbatar. Kada ka rufe manhajar sai ka ga bidiyon ya gama hawa, domin da yawa a nan ake yin asara: mutum ya ɗauka ya ajiye, ashe rezo ya yanke a rabi.

A cikin manhajar akwai kalanda da ke nuna duk abin da ka ajiye, kowanne a ƙarƙashin ranarsa. Daga nan kana iya gyara rubutu, ko ka matsar da rana, ko ka goge gaba ɗaya. Talla guda tana iya fita a Facebook da Instagram tare in ka haɗa su. Instagram ita kanta tun 2022 tana barin masu shafin kasuwanci su ajiye abu su sa masa lokacin fita. Shugabannin zaure na Facebook, irin wanda ƙungiya ke buɗewa, su ma suna iya ajiye sanarwar taro ko ta ranar allura.

Abu ɗaya a kiyaye: sashen saye da sayarwa da ake kira Marketplace, dokar kamfanin ta hana tallar dabba mai rai a cikinsa. Wanda ya nace, ana cire tallar, wani lokaci a taƙaita masa shafi. A tsaya a kan shafin kasuwanci.

Telegram

Tun 2019 Telegram take da wannan tsari, kuma nata ya fi na kowa sauƙi. Ka rubuta saƙo, maimakon ka taɓa alamar turawa sau ɗaya, sai ka danne ta da yatsa, zaɓin sa lokaci zai fito. Ana iya ajiyewa har shekara guda gaba, kuma ya haɗa da hoto, bidiyo da saƙon murya. Wannan na murya babban abu ne a wurinmu, tun da abokan cinikinmu wani Hausa yake ji, wani Fillanci, wani Larabcin Chadi, wani Sango, kuma ba kowa ke karanta boko ba. Illarta ɗaya, ba kowane mai saye ke da ita a waya ba. Amma tsakanin maigida da yaransa, ko tsakanin shugabannin ƙungiya, tana da daɗin aiki. Har kanka kana iya ajiye wa saƙon tuni, misali ranar da bashi zai cika ko ranar da takardar dabbobi za ta ƙare.

WhatsApp

Nan ne kasuwarmu ta fi ci, nan ne kuma aka fi ruɗewa. WhatsApp ya daɗe ba shi da wurin sa wa saƙo lokaci irin na Telegram, shi ya sa mutane suka koma ɗora masa wasu manhajoji na waje. Waɗannan sai waya tana kunne, tana da rezo, sau da yawa ma sai an cire mata makulli, kuma sai ka ba su izinin ganin duk abin da ke kan fuskar wayarka. Mai karɓar kuɗi ta Orange Money ko ta banki ya yi tunani sau biyu kafin ya ba baƙuwar manhaja wannan izini. Su kuma jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp, kamfanin yana rufe lambar da ya kama da su. Lambar da ka shekara goma kana tara mutane a kanta, ba abin wasa ba ce.

Abin da ya fi aminci shi ne WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. Yana da saƙon maraba da ke zuwa wa wanda ya fara yi maka magana. Yana da saƙon "ba na kusa" wanda kake sa wa sa'o'i, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ko kwanakin da kake hanya, sai dai shi ma yana bukatar wayar ta kasance a kan intanet. Yana da wurin jera kaya da hotuna, da wurin ajiye amsoshin da kake yawan maimaitawa. Jerin aikawa ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon yana isa ne ga wanda ya ajiye lambarka kaɗai. Abin da ka sa a sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace.

Ga mai doguwar tafiya akwai wata hanya. Ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, su ci gaba da aiki ko da babbar wayar tana kashe. Watau kana iya barin waya ta biyu a shago a hannun amintaccen yaro, ka shirya masa hotuna da bayani, ka ce wannan ranar Talata, wannan ranar Alhamis. Amma in babbar wayar ta wuce kwana 14 ba ta hau intanet ba, sauran za su fita da kansu. Mai shiga daji na wata guda ya san da wannan.

A Kula Da Agogo

Allah Ya taimake mu, Bangui, Kamaru, Chadi, Najeriya, Nijar, Barazabil da Kinshasa duk agogo ɗaya ne. Amma Sudan da Sudan ta Kudu da gabashin Kwango suna gabanmu da awa 1, Saudiyya da awa 2, Ghana kuma tana bayanmu da awa 1. Faransa daidai take da mu lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa tana gaba da awa 1. Alhajin da ya zauna a Makka ya sa talla ƙarfe 7 na safe bisa agogon can, a Bangui ƙarfe 5 na asuba za ta fita. Haka wanda ke wajen Am Dafok, wayarsa na iya ɗaukar agogon Sudan bai sani ba.

Sa'an nan waya mai Faransanci tana ƙirga awa 24, ƙarfe 7 na yamma shi ne 19. Mai Turanci kuma tana raba safe da yamma da haruffa biyu, AM da PM, in ka kuskure ɗaya tallar safe ta koma ta dare. Wasu wayoyin ma wata suke fara rubutawa kafin rana, irin na Amurka, sai 5/6 ya zama 6 ga Mayu maimakon 5 ga Yuni. Kafin ka tabbatar, karanta sunan ranar, Talata ce ko Laraba.

Game da sa'ar da ta fi dacewa, a ɗabi'ar mutanenmu an fi duba waya bayan sallar asuba kafin a fita, da kuma bayan isha'i. Tsakar rana ana cikin ƙura da ciniki, lokacin Juma'a kuwa ba mai kulawa. Manhajar Meta tana nuna sa'o'in da mabiyan shafinka suka fi hawa, sai ka gwada nata da abin da ka sani.

A Kula Da Kalanda

Talla ta riga ranar kasuwa da kwana biyu ko uku, don mai saye ya sami sukunin haɗa kuɗi da kiran dillalinsa. Mai hulɗa da Najeriya ya san Potiskum Laraba take ci, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Illela Lahadi. In kana son mutumin Potiskum ya yi lissafi da kayanka, ranar Lahadi ko Litinin ya kamata ya gani.

A shekara kuma akwai lokutan da kowa ya san nama na tashi: Babbar Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara. Kirsimeti ba ta motsi, ana iya shirya tallarta tun Nuwamba. Babbar Sallah kuwa tana ja baya da wajen kwana 11 kowace shekara: a Najeriya an yi ta 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Kuma tun da ganin wata ne, ƙasa da ƙasa kan saɓa da kwana guda. Saboda haka tallar raguna da bijimai a ajiye ta da wuri, amma gaisuwar barka da Sallah a jira sanarwar hukuma. Masu kai kaya Barazabil ta ruwa kuma sun san kogin Ubangi yana ɗaukar manyan jirage ne daga tsakiyar damina zuwa wajen ƙarshen shekara, da rani ruwa ya ja baya. Kada a ajiye alkawarin lodin jirgi a watan da jirgi ba ya hawowa.

Abubuwa Huɗu Da Ba A Ajiyewa

Na farko, farashi. Kuɗin sa na safe daban, na yamma daban, balle na mako mai zuwa. Ga kuma canji. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Matasa kuma sun ga abin da ya sami naira: a farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce ka rubuta jaka 400 a kan bijimi, ka ajiye tallar kwana 10, kafin ta fita kasuwa ta tashi. Mai saye ya ɗauki hoton rubutunka ya riƙe. In ka ce albarka, ya ce ka yi magana biyu, in ka sallama ka faɗi. Magana zarar bunu ce. A rubuta "farashi sai an kira". In kuwa dole ne a faɗi kuɗi, a yi shi da hannu a ranar, a kuma fayyace naira ce ko sefa, sefar ma ta Tsakiya ko ta Yamma, domin ko da darajarsu ɗaya a hukumance, ta Nijar ba ta wucewa a Bangui sai an bi ta wurin mai canji.

Na biyu, dabba takamaimai wadda ana iya sayar da ita kafin ranar. Ka ɗauki hoton wani jan bijimi ranar Asabar, ka sa tallarsa ta fita Laraba, ranar Litinin mahauci ya saye shi ya yanka. Laraba wani ya gani daga Duwala ya turo kafin alƙalami. Yanzu ka karɓi kuɗin abin da ba ka mallaka ba, abin da shari'a ta hana, al'adar kara ma ta hana. Ba a cinikin biri a sama. Duk dabbar da aka sallama, a shiga kalanda a goge tallarta tun kafin a ƙirga la'ada.

Na uku, alkawarin ranar isowa in akwai iyaka a tsakani. Mun ga Chadi ta rufe iyakarta da Afirka ta Tsakiya a Mayun 2014. Mun ga Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021 motoci sun yi cirko-cirko a Garwa-Bulai saboda an tare hanyar Bangui. A Satumban 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun dakatar da kasuwannin dabbobi da safararsu, aka kuma yanke layukan waya a Zamfara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe tsakanin Najeriya da Nijar har Maris 2024, sa'an nan a Mayun 2025, ana gab da Sallah, Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Akasarin waɗannan, kwatsam aka wayi gari da su. Haka in ciwon huhu ko ciwon baki da kofato ya ɓulla, likitocin dabbobi na iya tsare garke ko da takardunka sun cika. Na'ura ba ta jin labarai, alkawarinka za ta saki ko an rufe hanya.

Na huɗu, kuma shi ya fi kowanne nauyi, hanya da ranar tafiya. 'Yan'uwa, zargina da masu satar mutane su ma suna da waya, suna kuma cikin zaurukan da muke ciki. Wanda ya rubuta cewa tirela uku za su tashi daga wuri kaza ranar kaza, ko garke zai kwana a mashaya kaza, ya ba ɓarawo takardar gayyata. Wanda ya rubuta "mun sayar, alhamdu lillahi, muna hanyar gida" ya faɗa wa duniya yana ɗauke da kuɗi. A nan ne ma ajiye saƙo yake zama garkuwa in an iya shi: ka ɗauki bidiyon lodi yau, ka sa ya fita bayan kwana uku, sa'ad da kaya sun riga sun sauka. A kuma duba bayan hoton da kyau. Lambar mota, allon sunan gari, fuskar makiyayi ko ta direba, duk kada su fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To Me Ake Ajiyewa?

Abin da kwana bakwai ba za su canza shi ba. Irin shanun da gidanka ya saba kawowa, jajaye na Mbororo ne, ko farare, ko Gudali. Garuruwan da kake da wakili. Ranakun da ake samunka a shago. Gaisuwar Juma'a. Bayani mai amfani ga jama'a, kamar tunatarwa a kan allurar rigakafi, ko a kan fasfon dabbobi da takardar ƙetare iyaka ta ƙasashen CEMAC, wadda hukumar CEBEVIRHA mai hedkwata a Njamena ta tsara. Sanarwar taron ƙungiya da ta kuɗin wata. Irin wannan shi ke sa shafi ya kasance da rai, mai saye ya san gidan yana nan ko maigida ba ya gari.

Ga misalin talla mai tsabta: "Assalamu alaikum. Gidanmu na Kilomita Biyar yana da jajayen bijimai da Gudali a wannan mako. An ɗauki bidiyon nan ranar Asabar. Farashi sai an kira. Ba mu karɓar kafin alƙalami sai ta hannun dillalin da kuka sani. Lambarmu ɗaya ce, ita ce a saman shafi." A cikin bidiyon kuma a faɗi ranar da baki, a ambaci sunan gidan. Dalili, 'yan damfara kan kwashe hotunan shanun mutane su buɗe wani shafi su karɓi kuɗin bayin Allah. Bidiyon da aka yi magana a cikinsa ya fi wuyar sata.

Ranar Da Ake Tsayar Da Komai

Akwai ranar da talla take zama abin kunya. A ce an yi rasuwar wani babba a kara, ana zaman makoki, sai ga shafinka yana kiran a zo a sayi bijimai. Ko gari ya rikice kamar yadda aka yi a Kilomita Biyar a ƙarshen Disamban 2019, ko ƙasa ta shiga juyayi kamar ranar 25 ga Yunin 2025, sa'ad da ɗalibai suka rasu a makarantar Barthélemy Boganda suna cikin jarrabawa, aka yi makokin kwana uku. Ba wanda zai ce na'ura ce ta saki, cewa za a yi Alhaji wane ba shi da ta-ido. Ƙa'ida ita ce, da jin mummunan labari, bayan salati, a buɗe kalanda a tsayar da duk abin da ke layi. In maigida ba ya kan rezo, wajibi ne a sami wani a gari da ke da ikon tsayarwa.

Wa Ke Riƙe Da Mabuɗi?

Wannan ya kawo mu maganar amana. Kada a ba yaro lambar sirri ta shafin maigida. Facebook ya tanadi hanyar da za ka ƙara mutum a shafin kasuwanci da nasa sunan, ka ba shi ikon sa talla da amsa saƙo, cikakken iko kuma ya zauna a hannunka. Ran da kuka rabu, ka cire shi, shafi na nan. A kunna makulli na biyu a Facebook da WhatsApp duka. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta SMS kuwa, ko wa ya kira ya ce a karanto masa, ko da ya ce daga ƙungiya yake, ɓarawo ne.

Kada kuma a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya da sunan zamani. A Yunin 2014 gwamnati ta dakatar da saƙon SMS a ƙasar nan. Chadi ta toshe Facebook da WhatsApp daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, watau ko tallarka ta fita, mutumin Njamena ba lalle ya gani ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. Lambobin manyan abokan ciniki su kasance a rubuce a littafi, a ajiye a gida.

Tsarin Mako A Taƙaice

Ranar da kake gari, a ɗauki hotuna da bidiyo da safe ko da la'asar sa'ad da haske ya yi laushi, dabba tana tsaye a gefe, a ga doro da ƙafafu. Bidiyon ya zama gajere, minti ɗaya ya isa, don kada ya cinye wa mai kallo kuɗin intanet. Da dare, in an kawo wuta kuma rezo ya sarara, a zauna rabin awa a ajiye na mako guda, uku ko huɗu sun wadatar. Kada a wuce mako guda ko kwana 10, ko da manhaja ta yarda da fiye da haka. Kowace safiya, kai ko wakilinka, a leƙa kalanda a tambayi kai: abin da zai fita yau, har yanzu gaskiya ne? In an sayar, a goge. In an rufe hanya, a gyara. In an yi rashi, a tsayar.

Daga ƙarshe, a tuna cewa talla kira ce kawai. In ta fita mutane suka yi magana aka kwana biyu ba amsa, sun tafi wurin wani, kuma gobe ba za su dawo ba. Saboda haka kada a sa talla ta fita a ranar da babu mai amsawa. Dillali yana nan a matsayinsa, shi ya san mai biya da mai taurin bashi, shi ne shaida in gardama ta tashi, kuma mai saye na gaskiya sai ya taɓa dabba ya duba haƙori kafin ya ce ya saya.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan bayani a taronsu na gaba, su kuma zaɓi matashi ɗaya mai amana a kowane reshe ya nuna wa dattawa a aikace. Allah Ya tsare mana hanya, Ya kare dukiyarmu da ta makiyayanmu, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a fatauci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.